Abin da aka ce kan fahimtar sakamakon jarrabawar yara

Ga taƙaitaccen abin da jama'a suka faɗa kan yadda iyaye za su fahimci sakamakon jarrabawar bai-ɗaya, wato wadda ake yi wa yara da yawa iri ɗaya don a auna su da juna.

1. An fi ruɗewa a kan matsayi. In takarda ta ce yaro yana mataki na 70 cikin 100, ba maki 70 ya ci ba. Nufinta ya kamo ko ya wuce kashi 70 na yaran da aka auna shi da su. Mataki na 50 kuwa tsaka-tsaki ne, ba faɗuwa ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin yara da yawa suna shan faɗa a kan lambar da iyayensu ba su gane ba.

2. A duba kowane darasi daban, kada a tsaya kan jimla.

3. Rashin barci, ciwo ko fargaba kan rage maki, saboda haka a gwada da sakamakon bara da aikin aji.

4. A je wa malami da takardar, a tambaye shi inda yaron yake tuntuɓe.

An rabu kan nuna wa yaro lambobin. Wasu sun ce haƙƙinsa ne ya gani, wasu sun ce ƙaramin yaro bayani da baki ya ishe shi.