Yaushe zan yanki reshen tsohuwar tuffa don yi mata aure?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Nottingham, Ingila. Makwabciyata dattijuwa tana da tsohuwar bishiyar tuffa irin Bramley, kuma za ta sayar da gidan. Raina bai so irin ya ɓace. Ta ce in yanki reshe. Yanzu da hunturu zan yanka, ko in jira?

Baban Gona:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Yanzu ne lokacinsa, Janairu zuwa Fabrairu, kafin idanun reshen su fara toho. Ki nemi reshen da ya fito bara, miƙaƙƙe, mai kaurin fensir. Kada ki ɗauki mai ƙuraje ko wanda ɓawonsa ya tsage. Ki naɗe rassan a takarda mai ɗan damshi, ki sa a leda, ki ajiye a firij. Amma kada ki haɗa su da 'ya'yan tuffa, iskar da suke fitarwa tana lalata idanun. Watan Maris sai a ɗaura su kan gindin MM106, wato wani irin gindin tuffa da ake ɗaura reshe a kansa.

Ɗan Zazzau:
Yaya, kamar auren mangwaro ne, sai ɓawo ya haɗu da ɓawo. Kuma ki rubuta suna a jikin kowane ƙulli. Asalin Bramley ɗin ma yana Southwell, kusa da ke, tun 1809.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je da almakashi.