Albarkacin Kaza da Ɓarɓashin Ƙarƙashin Tebur

Ɗan Asawase: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ranar Lahadi mai zuwa ni ne zan jagoranci nazarin Littafi Mai Tsarki da Hausa a majami'armu, kuma wurin da aka ba ni shi ne Matiyu 15:21-28, labarin Bakan'aniyar nan ta yankin Taya da Sidon wadda ta roƙi Yesu ya warkar da 'yarta. Yesu ya ce mata bai kyautu a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka ba, ita kuwa ta amsa cewa ai karnuka ma suna cin ɓarɓashin da ke faɗowa daga teburin iyayengijinsu. Niyyata ita ce in buɗe bayani da karin maganar nan, "Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko," domin a ganina mu al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, mun sami rabo ne albarkacin Isra'ila. Ko karin maganar ta dace da wannan wuri? Kuma ko ya kyautu in kawo halin karen gida domin in nuna wani abu na halin Allah, ganin yadda mutanenmu suke ɗaukar kare?

Dattijon Tafo: Ɗana, karin maganar tana da daɗin ji, amma ba ta kai inda kake so ta kai ba. Ka duba yadda abin yake a tsakar gida. Uwar gida tana zuba ruwa a kasko domin kajinta, ba ta san da zaman ƙadangare ba, kuma ranar da aka sayar da kajin, to ruwan ya ƙare ke nan. Ƙadangare yana sha ne a sace, ido ɗaya a kan ruwa, ido ɗaya a kan hanyar gudu. Shi ya sa muke faɗin maganar ga wanda ya raka babban mutum biki ya ci naman da ba domin shi aka yanka ba. Karen da matar nan ta ambata yana da ubangiji, yana cikin gida, kuma a Markus 7:28 an faɗi a fili cewa a ƙarƙashin tebur yake. Mai gidan ya san yana wurin, shi ne ma ya bar shi ya shigo. Idan ka ce da mutane sun sha ruwan kasko, ka koya musu cewa alherin Allah ya same su ne bisa kuskure, alhali tun a Farawa 12:3 aka yi wa Ibrahim alkawari cewa ta wurinsa za a sa wa dukan kabilan duniya albarka.

Uwar Gida, Bantama: Baba ya yi gaskiya game da kaskon, amma ni damuwata tana kan tambaya ta biyu. A Zango, unguwannin masu jin Hausa a nan Ghana, babu zagin da ya fi a kira mutum kare zafi, kuma karin maganarmu ba ta raga masa ba. Muna cewa, "In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi," muna kuma cewa, "Kare ka mutu da haushin kura." Littafi Mai Tsarki ma haka yake a yawancin wurare. Karin Magana 26:11 ta kwatanta wawa da karen da ke komawa ga amansa, Bitrus ya maimaita wannan a wasiƙarsa ta biyu, Ishaya 56:10 ya kira shugabannin da suka yi sakaci karnuka bebaye waɗanda ba su iya haushi, a Wahayin Yahaya 22:15 kuma karnuka suna wajen birni. An kwatanta Allah da makiyayi, an kwatanta shi da gaggafa, Yesu ya kwatanta kansa da kazar da ke tattara 'ya'yanta a ƙarƙashin fukafukanta, amma ban ga inda aka kwatanta shi da kare ba. Abin da nassi bai yi ba, ina ganin kada ɗanmu ya yi shi a gaban dattawan da suka tashi da ƙyamar dabbar nan.

Makanike, Suame: Mama, da izininki zan faɗi abin da nake gani kullum a wurin aiki. Muna da kare a garejinmu a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, wanda muka tsinta yana ɗan kwikwiyo a cikin tsohuwar taya. Idan azahar ta yi, yaran aiki suka zauna a kan benci da kwanon wake da shinkafa, sai ya zo ya kwanta a ƙarƙashin bencin, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa na gaba. Abin da na lura da shi shi ne ba ya kallon kwanon, hannuna yake kallo. Yaro zai iya miƙa masa ƙashi ya karɓa, amma nan take zai mayar da idonsa kaina. Akwai ranar da na kore shi da tsawa domin ya shiga tsakanin ƙafafuna ina ɗauke da batir, ya matsa can gindin wata motar da aka kwance, ya jira har na huce, ya dawo wurinsa. Duk lokacin da na karanta Zabura 123:2, inda aka ce kamar yadda idanun bayi suke duban hannun ubangijinsu haka idanunmu suke duban Ubangiji, karen nan nake tunawa. Matar nan ma an yi mata shiru, almajirai sun ce a sallame ta, an faɗa mata magana mai nauyi, amma ba ta tafi ba.

Uwar Gida, Bantama: Ɗan'uwa, ai Hausawa sun ce sabo turken wawa. Karenka yana dawowa ne domin ya saba da ci a wurinka, kuma da ka daina ba shi, da ya koma garejin maƙwabta. Idan aka kira wannan aminci, aka ce yana nuna amincin Allah, to an rage darajar abin, domin Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Allah bai ci komai a hannunmu ba kafin ya ƙaunace mu.

Dattijon Tafo: 'Yata, a nan ne nake ganin ku biyun kuna magana a kan abu biyu daban. Mai gareji bai ce karen yana kama da Allah ba. A misalinsa karen yana matsayin mutum ne, kuma abin da ya bayyana shi ne halin mai shi. Idan ka ga kare ya rame, yana noƙe wutsiya da zarar an ɗaga hannu, ka san irin gidan da ya fito ba sai an gaya maka ba. Idan ka ga wanda aka yi wa tsawa ya dawo ya kwanta hankalinsa kwance, to ya san hannun da ya kore shi shi ne hannun da ke ciyar da shi. Sabon da kike faɗa ba ya samuwa sai inda aka daɗe ana bayarwa. Ishaya 1:3 ya yi amfani da wannan hujja, ya ce sa ya san mai shi, jaki ya san wurin da ubangijinsa yake zuba masa abinci, amma Isra'ila ba ta sani ba. Annabi bai raina sanin dabba ba, kunyata mutane ya yi da shi. Ɗanmu ya kuma lura da inda labarin matar ya faɗo a cikin Matiyu: a sura ta 14 an ciyar da mutum 5,000 aka kwashe ragowa kwando 12, a ƙarshen sura ta 15 an ciyar da 4,000 aka kwashe kwando 7. Ɓarɓashin gidan nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma matar ta gane hakan tun kafin almajirai su gane.

Malamin Aboabo: Ni Musulmi ne, na shigo ne saboda karin maganar, kuma na yarda da Baba cewa ruwan kasko ana faɗarsa ne ga wanda ya amfana ba tare da an yi niyyarsa ba. Ina so dai in gyara wa Mama abu ɗaya cikin girmamawa: ƙyamar kare a Zango ba ta hana a ambace shi da alheri a wurin karatu. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin kogo yana shimfiɗe da ƙafafunsa na gaba a bakin ƙofa, kuma akwai hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Dattawan da suka tashi a gidajenmu sun san waɗannan, don haka ba za su firgita da jin sunan kare ba, muddin ba a jingina siffarsa ga Mahalicci ba.

Ɗan Asawase: Na gode, Malam. Baba, idan na fahimce ka, zan iya kawo karin maganar, amma domin in nuna inda ta gaza, wato ƙadangare ba shi da ubangiji, kare kuwa yana da shi. Sai dai har yanzu akwai abin da ke damuna. Idan wani ya tambaye ni ko matsayin mai bi ke nan har abada, ƙarƙashin tebur, me zan ce masa?

Dattijon Tafo: Ka karanta masa Markus 7:27, inda Yesu ya ce a bari 'ya'ya su ƙoshi tukuna, ka nuna masa cewa maganar jerin lokaci ce, sannan ka kai shi Galatiyawa 3:26-28, inda Bulus ya ce da masu bi, Bayahude da Baheleni, wato mutumin Girka, dukansu 'ya'yan Allah ne ta wurin bangaskiya. Misalin karen yana ƙarewa a nan, kada ka ja shi ya wuce. Labarin garejin kuwa ka nemi izinin mai shi ka ba da shi, amma bayan an karanta nassin, ba kafinsa ba.

Uwar Gida, Bantama: In haka za a yi, ban hana ba. Ina dai roƙon ɗanmu ya bar kalmar aminci ga Allah, ya ce karen yana dogara ne, domin a kan wannan ban sauya ra'ayina ba.