Neman shawara: wane ɗan abin taɓawa na cukun Italiya zan ajiye wa baƙi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ku taimaka min. Ranar Asabar abokin maigidana zai kawo mana ziyara da iyalinsa, ya daɗe yana aiki a Italiya. Babban abincin na riga na yanke, shinkafa ce da miyar kaza, amma ina so in ajiye ɗan abin taɓa baki irin na can kafin a zubo. Na sayo cukun mozzarella a babban kanti, mai taurin nan da ake zubawa a kan fiza. Niyyata in yi wanda na gani a hoto, ana jera yankan cuku da tumatir da ɗanyen ganye, amma da na yanka na ɗanɗana sai na ji tauri ga gishiri. Gas kawai gare ni, ba ni da abin gashi. Me kuke gani?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna:
Wa alaikumussalam. Abin da kika gani shi ne Caprese, asalinsa daga tsibirin Capri ne kusa da Napoli, fari da ja da kore kamar tutar Italiya. Matsalar ita ce ba da irin cukun hannunki ake yi ba. Nasa sabo ne, farin dunƙule mai laushi da ake sayarwa a jiƙe cikin ruwa, yawanci giram 125. Mafi daraja da madarar ɓauna ake yi a yankin Campania, akwai kuma na madarar shanu. In kin same shi, aikin bai wuce minti 5 ba: ki fito da shi daga firij rabin awa kafin ci, ki yanka, ki jera da nunannen tumatir, gishiri kaɗan, man zaitun, sai ganyen basil. In babu basil ki sa ɗaɗɗoya, amma 'yar kaɗan, don tamu ta fi ƙarfin ƙamshi. Caprese ba ya rufa wa kowa asiri, in cukun bai yi ba, ci ɗaya za a gane.

Wani ɗan'uwa mazaunin Italiya:
Hajiya, kar ki sake kashe kuɗi. Cukun da ke hannunki na wuta ne, to ki kai shi wuta. Ki yi mozzarella in carrozza, soyayyen burodi mai cuku a ciki, mutanen Napoli suka fi shahara da shi. Su a nan sai sun tsane ruwan sabon cukun tukuna don kar ya yi tartsatsi a mai, ke kuwa naki a bushe yake, kin huta.

Ki samu yankakken burodi, ki cire ɓawon gefe. Ki yanka cukun kamar santimita 1, ki ɗora a tsakiya ki bar ɗan fili a gefe-gefe, ki rufe da wani yankin, ki danna bakin da yatsa sosai. Sai ki raba biyu ta kusurwa. Ki birkiɗa shi a fulawa, musamman bakin, sannan a kaɗaɗɗen ƙwai mai gishiri da masoro da ɗan madara, sannan a garin busasshen burodi. Ki sake mayar da shi ƙwai da garin burodi karo na biyu. Wannan maimaicin shi ne gaba ɗaya sirrin, in kika tsallake shi cukun zai ɓalle ya malale a kasko ki tashi da burodi fanko. Ki bar su su huta a firij rabin awa, sai suya, minti 1 zuwa 2 kowane gefe har ya yi ja. Idan aka gutsura aka ja, cukun ya miƙe kamar zare, to kin ci nasara.

Ki lura, in kin duba girkin a intanet za ki ga wasu na sa prosciutto. Naman alade ne, ki wuce shi. Ba dole ba ne.

Wata daga Zariya:
Ni kam ba za a iya sa awara a madadin cukun ba? Ai ita ma fara ce.

Wata 'yar'uwa daga Kumasi:
Yaya, awara ta waken suya ce, ba ta narkewa. Ko wagashi namu na nonon shanu, wanda Fulani ke daskarwa da tumfafiya, in kin soya tsayawa yake kyam. A yanka shi a ci da tumatir da man zaitun yana da daɗi, amma kar a ce wa mutumin da ya zauna Italiya wai Caprese ne.

Wata uwa daga Maraɗi:
'Yata, ki ƙara da wani abu mai sanyi don kar ki tsaya gaban kasko baƙi na zaune. Ki tafasa madarar shanu lita 1, ki sauke ta ɗan huce kaɗan, ki zuba ruwan lemun tsami cokali 3 da ɗan gishiri, ki juya sau ɗaya ki ƙyale minti 10. Za ki ga ta tsinke, fari a sama, ruwa-ruwa a ƙasa. Ki tace a farin ƙyalle mai tsabta. Abin da ya rage cuku ne mai laushi kusa da ricotta, duk da su Italiyawa da ruwan da ya saura bayan an cire cuku suke yin tasu. Madarar kwali mai daɗewa ba ta tsinkewa da kyau, ki nemi sabuwa, kuma tafasar ba wasa ba ce in daga ruga ta fito. Sai ki gasa yankan dogon burodi a busasshen kasko, ki goga masa ɗanyar tafarnuwa tun da zafi, ki shafa cukun, ki ɗora yankakken tumatir da man zaitun. Bruschetta ke nan. Mu nan dogon burodin ko'ina akwai, ku sai kin nema, don naku mai sukari bai dace da tafarnuwa ba.

Wani malamin makaranta:
A riƙa duba bayan leda. Wasu cukun ana daskar da su ne da sinadarin cikin ɗan maraƙi, cukun Parmigiano na Italiya kuwa dokarsa ma sai da shi. Malamai sun yi saɓani a kai. Mai son kauce wa shakka ya nemi mai tambarin halal ko wanda aka rubuta ya dace da marasa cin nama.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na duba, nawa akwai tambarin halal. Soyayyen zan yi, da na Mama na Maraɗi in na samu madara. Amma burodinmu mai zaƙi ba zai ɓata soyayyen ba? Kuma zan iya soyawa tun da safe?

Ɗan'uwan Italiya:
Zaƙin ba zai dame shi ba, sai dai yana saurin ƙonewa, don haka ki rage wuta zuwa matsakaiciya. Ki gwada man da ɗan garin burodi, in ya taso yana kumfa nan take, ya yi. Ki haɗa komai da safe ki sa a firij, amma suya sai kin ji sallamarsu a ƙofa. In ya huce, taurin nan da kika yi kuka da shi zai dawo.