Shin manhaja kaɗai za ta iya kashe hayaniya a hedifon na gama-gari?

Jama'a, ina neman taimakon masana sauti. Tsarin shi ne: ƙaramin makirfo a manne bayan murfin hedifon, kwamfuta ta ɗauki hayaniyar, ta juya igiyar sautin, ta mayar cikin kunne don su kashe juna.

Inda aka cije shi ne jinkiri. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wato daga makirfo zuwa kunne, santimita 2, bai kai milisakan 0.1 ba. Ita kuwa kwamfuta, ko da direban ASIO (manhajar da ke rage jinkirin sauti), tara samfur 64, wato gutsattsarin sauti, a 48 kHz (samfur 48,000 a daƙiƙa) na cin milisakan 1.3, shiga daban, fita daban. Kafin sautin ya dawo hayaniyar ta riga ta wuce, wani lokacin ma ƙara ta yake yi. Bluetooth kam ba a maganarsa.

Muryar mutane kam, na haƙura da kashe ta. Amma gurnanin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da ke maimaita kansa, ana iya hasashensa da FxLMS, wato lissafin da ke bin hayaniya yana daidaita sautin da zai kashe ta? Dole ne a sa makirfo na biyu cikin murfin? In haka ne, yaya ake hana shi kuwwa idan hedifon ya ɗan goce?