"Baki shi ke yanka wuya": furuci kaɗai ake nufi, ko har da abin da muke ci?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Jiya da safe na kai goggona a auna mata suga, ba ta karya ba, na'urar ta nuna 190. An ce mana daga 126 zuwa sama, in an sake awo ya kuma nuna haka, ciwon suga ne. Muna cikin adaidaita za mu koma gida ta yi shiru, can ta ce, "Baki shi ke yanka wuya, 'yata." Ni na taso na san wannan karin a kan furuci. Shin ta yi daidai da ta ɗora shi kan abinci?

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba goggo lafiya. Asalinsa a kan harshe yake, mutum ya faɗi abin da zai jawo masa hukunci. Abinci yana da nasa karin: kwaɗayi mabuɗin wahala. In kowa ya ja karin magana inda ya ga dama, yaranmu za su taso ba su san inda aka dosa da shi ba.

Baƙon Damagaram: Malam, a yi mini afuwa, ni ina bayan goggo. Baki ƙofa ce, ana fita ana shiga. Mahaifina kullum bayan la'asar sai ya hura gawayi ya ɗora 'yar butar shayi, zagaye uku, kowanne sai an zuba sukari cike da ƙaramin kofi. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin kwaɗayi ba, zumunci ne da hira. Wata rana ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, ciwon ya yi wata biyu bai kame ba, a nan aka gano suga. Da an ce masa makwaɗaici da ya yi fushi, amma karin da goggo ta kawo shi ma da bakinsa ya faɗa.

Nas a Zariya: Yaya, wannan ciwon ƙafar shi ne abin da nake so mutane su gane. Suga in ya yi yawa a jini, fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sai su yi sanyi, ƙananan jijiyoyi su lalace, shi ya sa miki ke daɗewa, maruru ke yawan fitowa, tarin fuka ma ya fi saurin kama mai suga. Kula da suga kula da garkuwar jiki ne. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in an tsaya a 6 ya fi. Ku ƙirga na koko da safe, na zoɓo da rana, ga lemon kwalba a biki.

Ɗan Kasuwar Kurmi: To a koma zuma mana, ai magani ce.

Nas a Zariya: Zuma da zaƙi, da harbi, ɗan'uwa. Tana da amfaninta, amma ita ma tana ɗaga suga, kuma cikin wancan lissafin na cokali take. Abin da ya fi taimako yana cikin kwanonmu: tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya yi fari tas ba, wake, kwaɗon zogale ko na rama, miyar kuɓewa mai yawa, tuwo kaɗan. Sai tafiyar ƙafa, minti 150 a mako, ko da zagayen unguwa ne bayan cin abincin dare, da barcin awa 7.

Inna Mai Koko: 'Ya'yana, ni abu ɗaya ke damuna. Jikata shekararta 9, ciwon suga gare ta, allurar insulin mai sauke suga ake mata kullum. Wane baki ne ya yanka wuyanta? Likita ya ce irin nata ba abinci ke kawo shi ba. Manya ma wasu gadonsa suka yi. In goggo ta faɗa wa kanta, haƙƙinta ne. Amma ranar da wata maƙwabciya ta jefe ni da irin wannan magana a gidan suna, ban yi barci ba.

Malamin Hausa: Inna, Allah ya ba ta lafiya, kin kawo abin da ban hango ba. Ina nan kan bakana cewa asalinsa furuci ne, amma na yarda mutum yana iya juya shi a kan kansa. Wanda kuwa ya jefi mara lafiya da shi, shi ne ya faɗa cikin ma'anar ta asali. In nasiha za a yi, ga hadisin sulusi ga abinci, sulusi ga abin sha, sulusi ga numfashi, ba ya zargin kowa.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Litinin za mu koma a sake awon. Yau da safe na dama mata kunun tsamiya ba sukari, ta sha rabin kofi ta ture. Inna, ke da kike sana'ar, me zan sa ya shawu?

Inna Mai Koko: Ki ƙara citta da kanumfari, 'yata, ki dama shi da ɗan ruwa-ruwa, ƙaramin kofi ɗaya, ki haɗa mata da ƙosai ko dafaffen ƙwai. Ranar Litinin ki faɗa wa likitan abin da take ci daga safe zuwa dare, kada ki rage komai.