Injin share kafet na tsaye: tsoho ko sabo?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Injin share kafet na tsaye da na saya sabo fil a kwali, irin marar jakar nan mai kofin roba, bai cika shekara ba ya fara wari, jiya ya ɗauke gaba ɗaya. Mai gyara ya ce ƙurar hunturu ce ta toshe matatar, injin ya rasa iska ya ƙone. Alhali tsohon injin kamfanin Kirby na Amurka da ke masallacin unguwarmu gwanjo aka sayo shi, jikinsa alminiyon, har gobe yana aiki, bel kawai ake canja masa. Wallahi tsofaffin nan su ne na asali.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Amma "na asali" kuma? In asali ake nema, ba Kirby ba ne. James Spangler, wani mai shara a wani kanti a Canton ta jihar Ohayo, shi ya haɗa nasa a 1907 da fanka da sandar tsintsiya da rigar matashi, saboda ƙura na tayar masa da asma. A 1908 William Hoover ya sayi haƙƙin ƙirar.

Alhaji mai kafet: Injiniya, kai komai sai ka kai shi Amurka. Hubert Cecil Booth ya riga Spangler a Landan tun 1901. Doki ke jan injinsa, a tsaya a ƙofar gida a zura tiyo ta taga. Asali na Ingila ne.

Injiniya: Ranka ya daɗe, abin da doki ke ja ai ba na tsaye ba ne. Maganar na turawa da hannu muke yi.

Alhaji mai kafet: Bai ce asalin na tsaye ba, cewa ya yi na asali. Koma ka karanta.

Autan zaure: To in haka ne injin James Dyson na Ingila ma na asali ne. Gwaji 5,127 ya yi kafin ya dace, injinsa mai suna DC01 ya fito a 1993, iska ke juyawa kamar guguwa ta watsar da ƙura a kofi, ba ruwanka da sayen jaka. Wa ya kwaikwaya?

Baban Khalifa: Auta, an haife ka a 1993 ɗin ma kuwa?

Autan zaure: Yaya, shekaruna ba su ne suka toshe maka matata ba. Waɗannan matatun wanke su ake yi, a shanya su bushe sarai kafin a mayar.

Maman Ilham: Don Allah ku saurare ni. 'Yata na da asma. Tsoho mai jakar yadi in an kunna shi, ƙura kake gani tana fita ta jikin jakar. Sabon mai matatar HEPA, wadda ke tace ƙura mafi laushi, yana riƙe ta, amma wurin zubar da kofin sai ta tashi a fuskarka. Wanne ya fi mata sauƙi? Shi nake son sani.

Alhaji mai kafet: Hajiya, bari in gama da Injiniya tukuna. Kayan Amurkan da kake yabo na wuta mai volt 120 ne, tamu 230 ce. Sai an nemo taransifoma, ranar da yaro ya manta ya jona kai tsaye an gama. Na Ingila kuwa filoginsa mai ƙafa uku ne irin namu.

Injiniya: Ai shi ya sa kake tallar na Turai. Tun Satumba 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sabo mai wuce wat 900. Da me zai zuƙo yashin da ya nutse a kafet?

Autan zaure: Wat cin wuta yake nunawa, ba ƙarfin zuƙa ba. A na tsaye burushin da ke juyawa ne ke kaɗo yashin. Kuma mai ƙaramin janareta ya san amfanin 900.

Alhaji mai kafet: Talla kuma? Ni kafet nake sayarwa. Wanda ke sayar da taransifoma a zauren nan kowa ya san shi.

Injiniya: Alhaji, da girmanka? Wannan ƙazafi ne, ka janye.

Alhaji mai kafet: Ban kama suna ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka, dare ya yi, kowa ya yi haƙuri. Abin da na fahimta: mafi yawanmu sun yarda tsohon injin ƙarfe ya fi, tunda ana kwance shi a gyara, na robar kuwa in ya ƙone sai bola. Ni ma Kirby ne a gidana, ban taɓa nadama ba. Tarihin da Injiniya ya kawo ya tabbatar da maganar Baban Khalifa. Auta yaro ne, zai gane nan gaba. Taransifoma kuma ba wani abin damuwa ba ne.

Autan zaure: Mafi yawa su wa? Mutum biyu ne, har da kai.

Maman Ilham: Shugaba, ni fa har yanzu ba wanda ya amsa min maganar yarinyata, kuma ranar Asabar zan shiga kasuwa.