Corolla 2005 ta daina ja: da me ake farawa?

Mai Corolla: Assalamu alaikum 'yan zaure. Corolla ce ta 2005 'yar Amurka, injin 1.8, giya otomatik. Ta yi nauyin tashi, musamman idan an kunna AC, ga shan mai. An ce in cire indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, in sa ƙatuwar filtar iska irin ta 'yan tsere, a kuma taɓa burenbokis, wato kwamfutar motar. Da wanne zan fara?

Bakanike: Wa alaikumus salam Alhaji. Ukun nan duk ka ajiye su tukuna. Injin motar nan 1ZZ-FE ne, ya fito daga kamfani da ƙarfin doki wajen 130, kuma wanda ya zube a cikin wannan shi ake fara nemowa kafin a yi maganar ƙari. A jona mata sikana, wato na'urar da ke karanto lambobin matsala daga burenbokis, a rubuta lambobin da suka fito kafin a goge su. Daga nan a auna kwamfireshin inji yana da ɗumi: kowace silinda kada ta gaza 145 psi, tazarar da ke tsakaninsu kuma kada ta wuce 15. Idan ɗaya ta faɗi, a ɗiga baƙin mai kamar cokali guda ta ramin fulogi a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Injin da kwamfireshinsa ya zube babu filtar da za ta tashe shi.

Mai wutar mota: Ƙari a kan maganar Oga. Kada mai sikana ya tsaya a lambobi kawai, ya buɗe maka shafin da ke nuna LTFT, wato yawan man da burenbokis ke ƙarawa don daidaita iska. Kusa da sifili shi ne lafiya. Idan ya haura +10 iska na yi wa mai yawa, kuma sau da yawa lambar P0171 mai nuna haka na biye. A wannan injin wuri biyu ake fara zargi. Na farko sansan iska da ke kusa da akwatin filta: sukurori biyu ne, a ciro shi, a fesa masa maganin da aka yi dominsa, a bar shi ya bushe da kansa. Kada a wanke shi da fetur ko maganin kafireto, kada kuma a sa tsinke ko auduga, wayoyin cikinsa sirara ne kamar gashi. Na biyu gasket ɗin manifol na shigar iska, yana taurarewa ya riƙa zuƙar iska ta gefe, an fi ganewa da safe inji na sanyi. Idan LTFT ya yi yawa a silo, wato inji na aiki ba a taka ba, amma ya sauko da aka taka totur, iska ce ke ɓarauniyar hanya. Idan sai an taka yake ƙaruwa, a duba sansan ko fulfom ko nozul.

Bakanike: Fulogi kuma iridiyom ne nata, Denso SK16R11, tazarar bakinsa milimita 1.1. Ba a kankare shi da sanfefa, ba a buga shi a ƙasa wai don a gyara tazara. A ɗaura inji na sanyi, a fara murzawa da hannu, don kan injin alminiyom ne, zaren ramin ba ya jure ganganci. Jabu ya cika kasuwa, arharsa ita ce alamarsa ta farko.

Mai Corolla: Na gode. To indomin fa, Oga? Kowa cewa yake in an cire mota na numfashi.

Tsohon direba: Ai gaskiya ne ɗana, in ya toshe. Motar da indominta ya toshe tana kakarewa a hawa, ka taka har ƙasa ta ƙi wuce wani gudu.

Mai wutar mota: Baba ya faɗi daidai, amma a tabbatar ya toshe ɗin. A cire sansan gaba na salansa a jona ma'aunin matsi a ramin, a riƙe inji a juyi 2,500 a minti. Idan matsin ya wuce 3 psi akwai toshewa. In lafiyarsa ƙalau, cire shi ba zai ba ka ƙarfin da za ka ji a ƙafa ba, sai wari da ƙara da fitilar P0420, lambar matsalar indomi, da za ta zauna a dashbod, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba. Akwai ƙarfe mai tsada a cikinsa, shi ya sa masu ba da shawarar cirewa ba sa ƙarewa. Kuma indomi ba ya mutuwa haka kawai. Koyil ko fulogi ne ke tsallake wuta, ɗanyen fetur ya je ya ƙone a cikinsa, ko inji na shan baƙin mai. In ba a gyara wannan ba sabon ma zai bi sahu.

Bakanike: Tambaya ɗaya, Alhaji: fankar lagireto tana tashi ne da zarar an kunna makulli, ko da AC a kashe?

Mai Corolla: Ƙwarai, haka take.

Bakanike: To ga babban ɓarawon manka nan. An haɗa fanka kai tsaye, kuma da wuya ba a cire tamosta ba, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi ɗumi. Tamostar injin nan tana buɗewa a wajen digiri 82. In babu ita ruwa ba ya kai zafin aiki da wuri, burenbokis ya ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta zuba mai. Wannan man yana wanke bangon silinda, ya tsinka baƙin mai, ya cika fulogi da indomi da baƙi. Zancen wai motar ƙasar sanyi ce ba hujja ba ne, idan tana zafi a duba lagireto da murfinsa da famfon ruwa. A mayar da tamosta, a mayar da fanka kan rilenta, a zuba ruwan sanyaya inji na Toyota mai ja ko ruwan hoda maimakon ruwan rijiya mai barin tsatsa.

Tsohon direba: Ni dai a zafin Sakkwato da Maiduguri ban yarda da baƙin mai mai ruwa-ruwa ba. 20W-50 shi ne mai.

Bakanike: Allah ya ƙara girma Baba, a Fijo 504 haka ne. Wannan yana da VVT-i, baƙin mai ne ke juya taimin ta wata 'yar bawul mai ƙaramar raga. Mai kauri yana jinkirin isa wurin da safe, in ya haɗu da datti ragar ta toshe, motar ta mutu a ƙafa. 5W-30 aka rubuta masa, wajen lita 4 da filta. Injin nan an san shi da shan baƙin mai in ya tsufa, don haka a riƙa duba sanda duk mako.

Mai wutar mota: Ƙatuwar filta kuwa zafin cikin bonet take zuƙa, iska mai zafi kuma ƙarfi take ragewa. Mai jiƙe da mai tana ɓata sansan iska, ƙurar hunturu kuma ta fi samun hanya. Ta takarda ta asali, a canza ta da wuri lokacin hazo. Ɗan akwatin nan da ake jonawa a ramin sikana wai yana ƙara doki, fitila ce kawai ke ƙyaftawa a ciki. Injin da ba shi da tobo ba ya ba da wani abin kirki daga taɓa burenbokis. Sai totur: na wannan na lantarki ne, a goge da tsumma da magani makulli a kashe, kada a banƙare faifan da ƙarfi. Silo na iya hawa bayan wanki, zai daidaita kansa.

Mai taya: Kowa na kan inji, a duba ƙasa. Iskar taya tana rubuce a jikin ƙofar direba, 30 psi ce a yawancinsu, a auna taya na sanyi. Rim mai inci 18 kyau ne kawai, nauyinsa na cinye tashin mota. Bayan tafiya a kai hannu kusa da kowane rim, wanda ya fi sauran zafi birkinsa na kamawa. Man giya kuma a karanta abin da ke jikin sandarsa, T-IV ne a wannan, ba kowane jan mai ba.

Mai Corolla: An jona sikana yanzu. P0171 ne, LTFT +19 a silo, ya sauko +6 da aka taka. Zafin ruwa 64 bayan tafiyar rabin awa.

Bakanike: Gasket ɗin manifol da tamosta ke nan. A duba robobin iska da na PCV, bawul ɗin da ke mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, a lokaci guda tunda an riga an buɗe wurin. In an gama a goge lambobin, ka yi kwana biyu kana hawa, sannan ka turo mana sabon LTFT da zafin ruwan.